Darasi: Jakar sirdin keke da kayan da ake zubawa cikinta

Ƴan'uwa mazauna karkara, darasinmu na wannan karo a kan keke yake.

Keke dokin talaka ne. Ba ya cin hatsi, ba ya shan mai. Da shi ake kai albasa da tumatir kasuwa. Da shi ake zuwa fadama da gonar nesa. Da shi yara ke zuwa lakwal a garin maƙwabta. Da shi ake rugawa a kira ungozoma, ko a sawo magani cikin dare.

Amma keke yana da babban maƙiyi a ƙasarmu, shi ne ƙaya. Ga ta aduwa, ga ta bagaruwa, ga ta magarya da ta gawo. Ga kuma tsidau, wanda ke kwance bisa hanya ba a ganin shi. Ƙaya ɗaya ta isa ta mai da mai keke mai tafiya ƙasa.

Mu yi lissafi. Daga Damagaram zuwa Mirriya kilomita 18 ne. Mai keke da ke cin kilomita 12 a awa ɗaya zai isa cikin awa ɗaya da rabi. To, a ce taya ta sace a tsakiyar hanya. Saura kilomita 9. Mai tura keke da kaya ba ya wuce kilomita 4 a awa. Ke nan sai ya yi fiye da awa 2 yana turi cikin rana. Kafin ya isa, kasuwa ta fara watsewa, tumatir ya yi laushi. In kuwa maras lafiya ne ke jiran magani a gida, asarar ta fi ta kuɗi.

Wanda ke da kayan faci tare da shi, minti 20 sun ishe shi. Shi ya sa ake ɗaura ƴar jaka a ƙarƙashin sirdi. Magabata sun ce: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

1. Wace jaka ce ta dace?

Jakar sirdi ba mangala ba ce, ba kuma buhu ba. Ƴar ƙarama ce kamar zabira. Aikinta ɗaya: ta riƙe kayan gyara, ta zauna jikin keke kullum. Kaya masu nauyi wurinsu kariya.

In za ka saye, ka je da kekenka kasuwa. Ka gwada jakar a jikin sirdi kafin ka biya. Ga abubuwa 6 da za ka duba.

Na ɗaya, girma. Tsawon taƙi ɗaya ya isa, wato wajen santimita 20. Tsayinta santimita 10, faɗinta santimita 8 zuwa 10. In ta fi haka girma, za ta riƙa lilo tana bugun cinya. In ta yi ƙanƙanta, sufana ba za ta shiga ba. Ka auna da mafi tsawo cikin kayan aikinka.

Na biyu, abin da anka yi ta da shi. Akwai ta fata, akwai ta tamfol, akwai ta roba mai ƙyalli. Ta fata ta fi daɗewa, kuma ana iya ɗinke ta in ta ɓarke. Ta tamfol ba ta da nauyi, amma ƙarfe yana huda ta in ba a naɗe shi ba. Ta roba tana da kyawun gani ranar saye. Rana ɗaya ce matsalarta: bazara ɗaya ko biyu sai ta bushe ta tsattsage. Araha ba ta ado.

Na uku, ɗinki. Ka juya jakar ka dubi cikinta. Ka ja wurin da maɗauri ya haɗu da jikin jaka. Nan ne take fara yagewa. Ɗinki biyu ya fi ɗaya. In ka ja ka ga zare yana buɗewa, ka aje ta.

Na huɗu, marufi. Marufin da ke sauka ya rufe baki da gefe ya fi hana ƙura da ruwan sama. Zip yana da saurin buɗewa, amma rairayi da ƙurar hunturu suna kashe shi. Marufi mai maɗaurin fata da ƙarfe irin na ɗamara ya fi jure hanyoyinmu.

Na biyar, maɗaurai. Jaka ta ƙwarai maɗauri 3 gare ta. Biyu suna kama bayan sirdi. Sirdin manyan kekuna yana da ƴan kunnuwa biyu na ƙarfe a baya, domin wannan aiki anka yi su. In naka ba shi da su, a ɗaura a ƙarafen ƙarƙashin sirdi. Maɗauri na uku yana zagaye sandar sirdi, shi ke hana lilo.

Na shida, rata. Bayan ka ɗaura, ka hau keken ka zauna. Sirdi mai sifirin yana nutsawa in an hau. A bar ratar yatsu 3 ko 4 tsakanin jaka da taya, ko tsakaninta da kayan da ke bisa kariya. Jakar da ke gogar taya ba ta yin sati. Maɗaurin da ke reto kuma yana iya shiga wayoyin ƙafa ya kada mutum.

2. In za ka ba baduku ya ɗinka

Ba dole sai ta kanti ba. Dukawanmu sun iya. Damagaram ta yi suna wajen aikin fata tun zamanin da. Fatar jar akuya ta Maraɗi kuwa har ƙasashen Turai an san ta. Majema suna jeme fata da ƴaƴan bagaruwa. Ka ga itacen da ke huda mana taya, shi ne kuma ke gyara mana fatar jaka.

Ka rubuta awon a takarda ka kai ma baduku: 20, 10, 8. Ka kai mashi keken ya ga sirdi da idonshi. Ka gaya mashi abu 3:

A yi maɗaurai da fatar sa, domin ta fi kauri.

In jikin jakar na fatar akuya ne, a ninka gindinta, ko a shimfiɗa guntun tsohuwar taya a ciki. Fatar akuya tana da laushi, ƙarfe yana iya huda ta.

A yi ƙaramin aljihu a ciki domin ƙananan kaya.

Wanda ba shi da halin fata, tela yana iya ɗinka mashi da tsohon tamfol. Tsohuwar jakar lakwal ma ana rage ta.

In ka samu jan madubin nan mai ƙyalli da dare, ka sa a manna shi a bayan jakar. Direban mota da mai babur za su hango ka daga nesa. Ka lura kuma kada jakar ta rufe wanda ke jikin keken.

3. Ka fara sanin kekenka

Kekuna ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan kekunan ɗaukar kaya masu birkin sanda, irin su Raleigh na Ingila, Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya. Akwai kuma kekuna masu giya da birkin waya, waɗanda da yawansu na hannu ne daga Turai. Kayan gyaran wannan ba lalle su yi ma wancan ba. Kafin ka sayi komi, ka duba abu 3.

Lambar taya. A gefen kowace taya akwai lamba. Ka goge ƙura ka karanta. Manyan kekuna galibi 28 x 1½ ne. Kekuna masu giya da faffaɗar taya da yawa 26 x 1.95 ne, ko kusa da haka. Wasu an rubuta 26 x 1⅜, wasu 700. Wani lokaci za ka ga wata lamba kusa da ita, kamar 40-635 ko 50-559. Lamba ta biyu ita ce faɗin da'irar ƙarfen ƙafa da milimita. Taya biyu suna iya ɗauke da 26 dukansu, amma in wannan lamba ta bambanta, ɗaya ba ta shiga wurin ɗaya. Ka rubuta lambar kekenka a takarda. Ran da za ka sayi taya ko tib, wato robar ciki mai riƙe iska, ka nuna ma mai kanti. Ga amfanin karatu ya fito: ba mai sayar maka da abin da ba naka ba.

Bawul, wato bakin da ake sa iska. Iri 3 ne. Na farko shi ne na manyan kekuna. Ana kwance shi a zaro, a ga ƴar siririyar roba a jikinshi. Na biyu mai kauri ne, da ɗan tsinke a tsakiya, irin na babur da mota. Na uku siriri ne dogo, da ɗan noti a kai wanda ake sassautawa kafin a sa iska. Famfon da ke shiga na farko ba ya shiga na biyu sai an canza mashi baki. Ana kiran na farkon da sunan Dunlop. Wannan mutum likitan dabbobi ne a birnin Belfast. A shekarar 1888 ya yi rajistar tayar keke mai iska. Kafin nan tayar keke roba ce tsantsa, ba ta sacewa, amma tana jijjiga mahayi ƙwarai.

Notuna. Ka bi kekenka ka gwada sufana a kowane noti. A yawancin kekuna notin ƙafar baya da feda lamba 15 ne. Na sirdi sau da yawa 13. Na birki 8, 9 ko 10. Tsofaffin kekunan Ingila suna da awo nasu dabam, sufana mai lamba ba ta zama daidai a kansu. Kekuna masu giya kuwa da yawan ƙusoshinsu rami gare su mai kusurwa 6. Sai da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ake kwance su, mai lamba 4, 5 ko 6.

4. Kayan da ake zubawa

Mun kasa su kashi 3.

Kashi na farko: kayan taya. Waɗannan su ne dole.

Faci 5 ko 6, manya da ƙanana. Na kanti sun fi kamawa. In babu, a yanka tsohon tib, a kewaye shi kamar kwabo, kada a bar mashi kusurwa.

Gam ɗin faci, wanda ake ce ma sholisho. Ƙaramin kwanso ya fi babba, domin da an buɗe shi zafi yana busar da shi.

Takarda mai kaushi ta goge tib. Guntu kamar faɗin yatsu biyu ya isa.

Ƙarafen fidda taya, 2 ko 3, masu baki marar kaifi. Maƙeri yana iya ƙera su. Bayan cokali ma yana yi. Kada a sa wuƙa ko sukundireba, suna ƙara huda tib.

Robar bawul 2, ga mai bawul irin na farko.

Tib sabo guda, in da hali. Wani lokaci tib yana yagewa a gindin bawul, wurin da faci ba ya kamawa. Da dare kuma, ko cikin ruwan sama, canza tib ya fi faci sauƙi.

Guntun tsohuwar taya ko fata mai kauri, tsawon yatsa. In taya ta tsage, a shimfiɗa shi ta ciki, tsakanin taya da tib. Zai kai ka gida.

Famfo. Faci ba famfo aikin banza ne. Dogon famfo ba ya shiga jaka, wurinshi jikin keke. Amma ƴar igiyar bakinshi, ka cire ta ka sa a jaka. Ita ce ke saurin ɓata.

Kashi na biyu: kayan ƙarfe.

Sufana. Mafi kyau ita ce ƙarama mai buɗewa da tsukewa, domin tana kama kowane noti. Ko kuma faffaɗar nan mai ramuka da yawa da ake sayarwa tare da keke.

Sukundireba ƙarami.

Ƙaramar filaya, domin zare ƙaya da murɗa waya.

Mahaɗin sarƙa guda. In sarƙa ta tsinke, da shi ake haɗa ta. Yana da ɗan maƙalli mai baki buɗe. A sa shi yadda rufaffen kanshi zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya. In an juya shi, yana fita.

Ƙusar hannun feda guda, ga mai babban keke. Ita ce ke sa feda ta riƙa ƙwas-ƙwas in ta cinye.

Noti 3 ko 4, da waya mai laushi kamu ɗaya, da igiyar roba ta tsohon tib. Da su ake ɗaure kariya ko marufin taya in sun kwance.

Tsumma, domin goge hannu da naɗe ƙarafa.

Kashi na uku: kayan jiki. Mahayi ma yana lalacewa, ba keke kaɗai ba.

Guntun sabulu, da ƙyalle mai tsabta ko bandeji, a ƙulle cikin leda. In ka faɗi ka ƙuje, ka wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ka ɗaure. Kada ka zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. In ciwon mai zurfi ne, ko ƙarfe mai tsatsa ya yanke ka, ka je likita ran nan. Akwai allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora.

Ƙaramar tocila, ga mai tafiyar asuba ko mai dawowa bayan magariba.

Takarda mai sunanka, da sunan garinku, da lambar wayar wani naka. Ka rubuta da hannunka, ka sa a leda. In hatsari ya faru, ita za ta yi magana.

Ruwan sha ba ya shiga jakar sirdi. Amma kada ka fita babu gora ko jarka, balle a bazara. Da wannan ruwa ne kuma za ka nemi huji, ka wanke ciwo.

5. Abin da ba a sawa

Kuɗi, da katin ɗan ƙasa, da takardar sayen keke, da wayar hannu: wurinsu aljihu. In an sace keke, kada a haɗa da shaidarka.

Maganin ƙwari na gona ko na rumbu: kada ya shiga wannan jaka ko kaɗan. Guba ne. Yana zuba, ya taɓa tsumma da bandeji.

Goro, ƙuli-ƙuli ko dabino: suna jawo ɓera da kiyashi. Ɓera in ya shiga neman abinci, har fatar yake ci.

Man fetur da ashana: gam ɗin faci yana kama wuta da sauri. Kada a sha taba wurin faci.

Kwalbar mai marar marufin ƙwarai: mai yana ɓata roba. A ɗiga ma sarƙa mai a gida kafin a fita.

Iyaye, a kula. Sholisho ba abin wasan yara ba ne. Wasu yara suna shaƙar shi domin maye. Yana lalata ƙwaƙwalwa, yana iya kashewa. In ka ga gam yana ƙarewa ba ka yi faci ba, ka bincika.

6. Yadda ake shirya kayan

Ka naɗe ƙarafa duka cikin tsumma, ka ɗaure da roba. Su ne a ƙasa.

Tib sabo, ka fitar da iskarshi sarai, ka naɗe, ka sa cikin tsohuwar safa ko ƙyalle. In ya riƙa gogar ƙarfe bisa hanya mai gargada, zai huje tun ba a sa shi ba.

Faci, gam, takarda mai kaushi da robar bawul, ka haɗa su cikin ƙaramin gwangwani mai marufi.

Ledar sabulu da bandeji ita ce a sama.

Ka rufe, ka girgiza keken. In ka ji ƙara, ka ƙara tsumma. Jakar da ke kuka tana cin kanta. Duka kayan kada su wuce kilo ɗaya.

7. Yadda ake faci a hanya

Kaya ba sani ba su da amfani. Ka koya a gida tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ka sauka nan take. Tuƙa keke da taya ba iska yana yanka tib, yana lanƙwasa ƙarfen ƙafa. Ka nemi inuwa nesa da hanyar mota. Ka sauke kaya.

2. Ka fara da bawul. Ka sa iska, ka shafa yawu a bakinshi. In ya yi kumfa, ba huji ba ne. Ka canza robar bawul, ka ci gaba da tafiya.

3. In ba bawul ba ne, ka juya ƙafar a hankali kana duba taya. Sau da yawa za ka ga ƙayar. Ka lura da wurin.

4. Ka sa ƙarafa ka fidda gefe ɗaya na taya. Ka jawo tib waje. Ba sai ka kwance ƙafar ba, in faci kawai za ka yi.

5. Ka sa iska. Ka bi tib da kunne ko da leɓe, za ka ji iska. In ba ka ji ba, ka shafa ruwa ka nemi kumfa. Ka yi alama.

6. Ka dubi irin hujin. Huji ɗaya ta waje, ƙaya ce. Huji biyu a jere kamar saran maciji, ƙarancin iska ne: ƙarfe ya matse tib bisa dutse. Huji ta ciki, kan wayar ƙafa ne ya fito. Sai a gyara ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyin.

7. Ka share wurin ya bushe. Ka goge da takarda mai kaushi, fili ya fi facin faɗi.

8. Ka shafa gam kaɗan, siriri. In facin na tsohon tib ne, shi ma ka goge shi ka shafa mashi.

9. Ka jira. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. A bar gam ya sha iska wajen minti 5, har ya daina ƙyalli. Facin da anka manna bisa ɗanyen gam ba ya kamawa. Sauri ya haifi nawa.

10. Ka manna faci, ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe.

11. Kafin ka mai da tib, ka bi cikin taya da tsumma, sa'an nan da yatsa a hankali. Ka zare ƙayar. In ka bar ta, za ta sake hudawa kafin ka yi taki 100. Tsidau kuma ba ya zuwa shi kaɗai, ka nemi ƴan'uwanshi.

12. Ka sa iska kaɗan, ka mai da tib, ka mai da taya da hannu. Ka duba kada taya ta danne tib. Sa'an nan ka cika iska har taya ta yi tauri in ka matsa da babban yatsa.

8. Kula da jaka

Ran jajibirin kasuwa, ka buɗe jaka ka ƙirga kaya. Ka matsa kwanson gam ka ga ko ya bushe. Abin da ka yi aiki da shi, ka mai da madadinshi a kasuwar farko. Abin da ka ba aro, ka karɓo.

In ka isa kasuwa, ka aje keke a inuwa. Zafin rana yana busar da gam, yana tsofar da roba. In wurin ba mai tsaro, ka kwance jakar ka tafi da ita.

Da damina, ka sa kayan cikin leda kafin su shiga jaka. In fata ta jiƙe, ka zazzage ta, ka shanya a inuwa. Wuta da rana mai zafi suna sa ta ƙandare. In ta bushe, ka shafa mata man kaɗe kaɗan. Ƙarafa kuma ka goge su da tsumma mai ɗan mai, domin tsatsa.

Da hunturu, ka riƙa kakkaɓe ƙura. Ka duba maɗaurai, sanyi da iska suna tsattsaga su.

9. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ba kowa ke iya sayen kayan nan rana ɗaya ba. A fara da na dole: famfo, faci, gam, takarda mai kaushi da ƙarafen fidda taya. Sauran a riƙa ƙarawa bayan kaka.

Masu zuwa kasuwa tare suna iya raba kaya. Wannan ya ɗauki famfo, wancan sufana da filaya. Amma kowa ya riƙe facinshi da gam ɗinshi.

Yaran da ke zuwa lakwal da keke, maza da mata, a koya masu faci. Yarinyar da ta iya gyara tayarta ba ta yin dare a daji tana jiran mai taimako. Gam kuwa a ba su kaɗan, a riƙa dubawa.

Wannan jaka ba ta hana mai gyaran keke cin abinci. Ƙafar da ta karkace, da boris da ya cinye, da birkin da ya ƙi kamawa, aikinshi ne. Jaka aikinta ta kai ka wurinshi. In ka tarar da wani a hanya yana turi, ka tsaya ka ba shi faci. Gobe kai ne.

Tambayoyi

1. Maɗauri nawa jakar sirdi ta ƙwarai ke da su? Mene ne aikin na ukun?
2. Don me ba a fidda taya da wuƙa?
3. Huji biyu a jere, me yake nunawa?
4. Minti nawa ake jira bayan an shafa gam?
5. Faɗi abu 3 da ba a sawa cikin jakar sirdi.

Lissafi

1. Wani yana cin kilomita 12 a awa ɗaya. Kasuwa tana nisan kilomita 30. Awa nawa zai yi?
2. Dala ɗaya tamma 5 ce. A ce mai gyara yana karɓar dala 20 a faci ɗaya. Wani ya yi faci 3 a wata. Dala nawa ya biya a wata 12? Tamma nawa ke nan?
3. Mutum 5 sun haɗa kuɗi daidai wa daida, sun sayi famfo da sufana. A ce kuɗin duka dala 600 ne. Dala nawa kowa ya bayar?

Aikin rubutu

Kowa ya duba gefen tayar kekenshi, ko ta maƙwabcinshi, ya rubuto lambar da ya gani. Ya rubuta kuma sunayen kayan da ke cikin jakarshi, da waɗanda sunka rage mashi. A kawo ma malami a zama na gaba. A zo da keke ɗaya da tsohon tib, kowa ya gwada faci da hannunshi a gaban ƴan'uwa.